Filin Tambaya da Amsa: Wai ɗan haya ɗaya zai iya kayar min da saba baki ɗaya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni a Kano nake, ina da ƴar saba, wato kwamfutar da ake ɗora wa shafuka da manhajoji, guda ɗaya ta hannu da na saya, tsohuwar Intel Xeon ce, na ɗora mata manhajar Proxmox na yanka ta gida goma sha huɗu ina ba yara masu koyon rubuta manhaja da wasu ƴan kasuwa haya duk wata, kowa da tasa kwamfutar a ciki kuma kowa na bashi root, wato cikakken iko a cikin tasa, yayi yadda yake so. To cikin sati biyun nan sau biyu tana sandarewa, ba ta mutum ɗaya ba fa, duka har uwar, sai naje da ƙafata na danne maɓalli na kashe na kunna. Wani abokina yace akwai ɓaraka a haifabaiza, manhajar da ke raba injin, da take ba ɗan haya dama ya kayar da uwar saba daga cikin tasa. Jiya nayi apt update da apt upgrade don sabunta manhajojin bai nuna min kuskure ba, shikenan na toshe? Don gaskiya bana son kashe ta, masu haya ƙorafi suke. Sannan lokacin da na kafa ta na bi wani bidiyo na saka mitigations=off wai don ta ƙara gudu, ko wannan yana da alaƙa?

Mai karatu daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, lafiya lau alhamdulillah. Abokinka gaskiya ya faɗa maka, irin wannan ɓarakar akwai ta kuma ba guda ɗaya bace. Amma a'a, baka toshe ba tukuna, kuma wannan layin na ƙarshe da ka rubuta kamar ƙarin bayani shi ne ya fi tayar min da hankali a duk wasiƙar, zan dawo kansa.

Kafin ka zargi wani yaro cikin masu hayar ka fara duba jikin injin. Saba ta hannu a garin Kano, ga ƙurar hunturu da take toshe fanka, ga zafin bazara, ga canjin wuta daga layi zuwa inbata zuwa janareto, kowanne cikinsu ya isa ya sandarar da ita ba tare da hannun kowa ba. Ka buga journalctl -b -1 -e kaga me ta rubuta na ƙarshe kafin ta tsaya, ka shiga iDRAC ko iLO, wato shafin kula da lafiyar injin, gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta ka karanta rajistar abubuwan da suka faru, ka saka rasdaemon ya riƙa ajiye maka kurakuran furosesa da memori, sannan wani dare ka bar memtest86+ ya zagaya RAM ɗin. Sandar RAM ɗaya mai ciwo tana iya yin daidai abin da ka kwatanta. Duk abin da wannan binciken ya nuna dai gyaran da zan faɗa a ƙasa dole ne, domin ka ba mutum goma sha huɗu root a inji ɗaya kuma ba duka ka san me suke kunnawa ba.

Haifabaiza ita ce manhajar da take raba inji ɗaya ta mayar dashi kwamfutoci da yawa, a Proxmox abu biyu ne suke wannan aikin tare, KVM da yake cikin kanel, wato zuciyar Linux, da kuma QEMU da yake kwaikwayon kayan jikin kwamfuta kamar faifai da katin netwok. Masu harkar suna kiran uwar saba mai masauki, ƙananan kuma baƙi. Alkawarin da aka gina duk kasuwancin hayar saba a kai shi ne baƙo ko ya ƙona ɗakinsa wutar bazata tsallaka ɗakin maƙwabci ba. Matsalar ita ce duk ɗakunan furosesa ɗaya suke hawa, kamar gidan haya mai mita ɗaya, idan wani ya samu hanyar da zai tsayar da furosesan kansa to bangon da ke tsakanin ɗakuna bashi da wani amfani.

Wadda ta fi dacewa da irin injinka ita ce ake kira iTLB multihit, lambarta CVE-2018-12207, an bayyana ta ga jama'a 12 ga Nuwamba 2019. Bari in ɗan tsaya a kanta don in ka gane ta zaka gane dalilin da yasa wancan bidiyon ya cuce ka. Furosesa yana raba memori shafi-shafi, akwai ƙaramin shafi na 4KB akwai manya na 2MB da 1GB, kuma don kar ya riƙa neman adireshin kowane shafi daga farko duk lokaci yana da ɗan littafin tunawa a jikinsa da ake kira TLB, ɓangaren da ke kula da umarnin da za a gudanar shi ne iTLB. A furosesoshin Intel da yawa na shekarun baya, idan aka canza girman shafi ba a goge tsohon adireshin daga littafin ba, furosesa zai zo ɗaukar umarni ya tarar da amsa biyu a kan adireshi ɗaya, sai ya tayar da kuskuren da ake kira machine check wanda ba a farfaɗowa daga shi, injin ya tsaya cak. Windows ko Linux na ƙwarai suna kiyaye ƙa'idar gogewa shi yasa baka ganin haka kullum. Amma baƙo shi yake riƙe da teburin shafukansa, wanda yake da root a cikin tasa zai iya loda ɗan abu a kanel ɗinsa ya karya ƙa'idar da gangan, kuma furosesan da zai tsaya ai naka ne, na kowa da kowa. Bai saci bayanin kowa ba, bai shiga ɗakin kowa ba, kawai ya kashe gidan ne, kuma zai iya maimaitawa duk lokacin da ka kunna.

Tunda ciwon a jikin ƙarfen yake, mutanen Linux sai suka kewaye shi ta KVM. Duk babban shafin da KVM zai ba baƙo sai ya sa masa alamar ba a gudanar da umarni a nan, in baƙon yazo zai gudanar da wani abu a ciki sai KVM ya tsinka shafin zuwa ƙanana na 4KB kafin ya bari. Sunan saitin kvm.nx_huge_pages kuma a kunne yake zuwa da kansa a kan furosesan da abin ya shafa. Yana ɗan rage gudu, wannan gaskiya ne, wasu ayyukan ma ana ji sosai. To ga inda ka faɗa: mitigations=off yana kashe kariyar ɓarakokin furosesa irin su Meltdown da Spectre da ƴan uwansu, kuma cikin abubuwan da yake kashewa har da wannan ɗin. Wato facin, ma'ana gyaran ɓarakar, yana cikin kanel ɗinka tun ranar da ka kafa ta, kai ne ka ce masa ya zauna. Wanda yayi bidiyon wataƙila injin gwaji ne a ɗakinsa shi kaɗai, a wajensa ba laifi, kai kuma haya kake bayarwa mutane sun ɗora maka dukiyarsu.

Ka duba da idonka. Buga cat /proc/cmdline zaka ga kalmar a jiki. Sannan lokacin da baƙin suke gudana ka buga cat /sys/devices/system/cpu/vulnerabilities/itlb_multihit, in ya ce KVM: Vulnerable to a buɗe kake, abin da muke nema shi ne KVM: Mitigation: Split huge pages, in kuma ya ce Not affected furosesanka baya cikin masu ciwon, na AMD basa ciki haka ma sababbin Intel da aka gyara a ƙera. Ka cire kalmar daga /etc/default/grub ka buga update-grub, in kuma sabar ta ZFS ce da take tashi da systemd-boot to a /etc/kernel/cmdline take sai ka bi ta da proxmox-boot-tool refresh. Kar ka ce zaka bar ta ka kunna wannan ɗayan kaɗai, cire ta duka, sauran kariyoyin ma don irin halinka aka yi su.

Yanzu batun apt. Na farko a Proxmox ba apt upgrade ake yi ba, apt full-upgrade ne ko dist-upgrade, su kansu masu Proxmox haka suka rubuta, don na farkon yana iya barin wasu fakiti a rataye rabi sabo rabi tsoho. Na biyu ka tabbata ma'ajiyar da kake jawo fakiti daga cikinta tana aiki, wanda bai biya rajista ba ma'ajiyar enterprise bata bashi komai sai ya koma ta no-subscription, nasha ganin mutum yana ta murnar ya sabunta alhali fakitin Debian kawai suke sauka na Proxmox ko ɗaya bai motsa ba tsawon shekara.

Na uku kuma shi ne abin da nafi so ka riƙe. Sauke faci daban, facin ya hau aiki daban. Abin da apt yayi jiya ya canza fayil a kan faifai ne, amma abin da yake gudana a memori tsohon ne har yanzu, kuma waɗannan ɓarakokin a waje uku suke zama kowanne da yadda sabonsa yake hawa.

In a kanel take, wato KVM, galibi sai an sake tayar da uwar sabar. Misali a Nuwamba 2015 an bayyana wasu biyu, CVE-2015-5307 da CVE-2015-8104, inda baƙo zai jefa furosesa cikin zagayen da baya ƙarewa wajen isar da wani kuskure har ya daina sauraron mai masauki, KVM da Xen, wata haifabaizar daban, duka abin ya shafa, gyaran kuma shi ne haifabaiza ta riƙa tare waɗannan kurakuran da kanta. Wanda ya sauke sabon kanel a lokacin bai sake kunna inji ba yana nan inda yake. Ka buga uname -r ka kwatanta da abin da pveversion -v ya nuna an sauke, in sun bambanta tsohon kake hawa.

In a QEMU take, kowane baƙo yana da nasa QEMU da yake ɗauke dashi, kuma nan ne mutane suke ruɗewa. Mai haya ya shiga cikin tasa ya buga reboot, Ubuntu ɗinsa ya sauka ya tashi, amma QEMU ɗin da ke ƙarƙashinsa bai mutu ba, tsohon nan ne dai. Sai an kashe baƙon gaba ɗaya daga Proxmox an sake kunnawa, ko a ƙaurar dashi yana raye zuwa wata saba da aka riga aka gyara, sannan sabon QEMU yake ɗaukarsa. VENOM kenan, CVE-2015-3456, da Jason Geffner na kamfanin CrowdStrike ya gano aka sanar a Mayu 2015, a cikin lambar da ke kwaikwayon na'urar fulofi take, tsohon faifan ajiya na da, tun 2004 tana kwance a wajen, fulofin da kusan ba wanda yake amfani dashi amma a lokacin lambar tana lode a kowane baƙo. Ita har tafi kayarwa muni don ana iya fita da ita daga ɗaki a shiga uwar.

Na ukun a maikurokod yake, ƴar manhajar da ke cikin furosesan kansa. A Nuwamba 2023 an bayyana Reptar, CVE-2023-23583, Tavis Ormandy na Google yayi dogon bayani a kanta, wani umarnin kwafar memori ne in aka jera masa ƙarin alama ta wata siga sai furosesa ya rikice har ya kai ga machine check, kuma daga cikin baƙo ana iya tayar dashi ko ba root. Ta shafi Intel daga zamanin Ice Lake zuwa sama ne don haka tsohon Xeon ɗinka mai yiwuwa ya girme ta, na kawo ta ne don ka san akwai wannan hawan. Gyaransa fakitin intel-microcode ne ko sabunta BIOS, a Debian 12 fakitin yana ɓangaren non-free-firmware sai ka ƙara shi da hannu, kuma shi ma a lokacin tashin inji ake loda shi.

Kaga duk ukun hanya ɗaya suka nuna, sai ka kashe ta. Na san abin da kake gudu, yaro ya ɗora shafin kwastomansa, ɗan kasuwa yana da manhajar lissafin shago, kowa zai kira ka. Amma ai ta riga ta kashe kanta sau biyu ba sanarwa, kuma kashewar danne maɓalli tana iya lalata faifan baƙo musamman mai rumbun bayanai da yake tsakiyar rubutu, minti ashirin da ka sanar kwana biyu kafin lokaci bai kai wannan ciwo ba. Ka tura musu saƙo a gurup, ka zaɓi bayan ƙarfe ɗaya na dare ko bayan asuba, ka tabbata inbata a cike take kafin ka fara don kar wuta ta yanke maka ana tsakiyar sabunta BIOS, wannan kam yana iya kashe allon injin. Kayi vzdump, wato kwafin ajiya, na kowane baƙo zuwa faifan da ba na cikin sabar ba, ka gwada dawo da guda ɗaya kaga ya tashi. Ka sauke baƙin a hankali ɗaya bayan ɗaya, ka sake tayar da uwar, ka sake karanta fayil ɗin itlb_multihit bayan baƙin sun tashi. Kar ka goge tsohon kanel a ranar, ka barshi a jerin tashi ko sabon zai ƙi wani katin netwok ɗinka. Kuma ka zauna kusa da injin da allo da kibod, ba daga gida ta waya ba.

In Allah ya hore ka ƙara saba ta biyu ko ƙarama ce, da biyu zaka riƙa kwashe baƙi zuwa ɗaya ka gyara ɗayar ka dawo dasu, masu haya ko sani bazasu yi ba. In ta sake sandarewa bayan duk wannan ka turo min abin da rasdaemon ya ajiye mu duba tare.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ina hayar ƴar saba a wani kamfani na Turai, sai ga saƙo wai zasu sake tayar da injin da nake kai cikin kwana uku saboda tsaro, basu faɗi menene matsalar ba, na tambaya suka ce bazasu iya bayani yanzu ba. Anya ba rufa-rufa bace, ko an yi musu kutse suna ɓoyewa?

Mai karatu daga Maraɗi

AMSA

Barka kadai ɗan'uwa. Hankalinka ya kwanta, wannan yawanci alamar kamfanin kirki ce. Idan aka gano ɓaraka a haifabaiza ba a shelanta ta nan take, masu manhajar suna fara ba manyan masu bada haya facin a asirce su gyara kafin ranar sanarwa, aikin Xen misali yana da jerin waɗanda ake fara sanarwa kuma galibi sati biyu ake basu, da sharaɗin bazasu faɗi komai ba. Dalilin a fili yake, ranar da bayanin ya fita masu mugun nufi ma sun karanta, kuma a wannan harkar maharin baya buƙatar fasa ƙofa, hayar ɗaki kawai zai kama da ƴan kuɗi kaɗan ya zama maƙwabcinka.

Haka ta faru a ƙarshen Satumba 2014, Amazon ta sanar zata sake tayar da kusan kashi 10 cikin ɗari na sabobin hayarta da ake kira EC2, Rackspace ma ta bi, mutane suka yi ta surutu don ba a faɗa musu dalili ba. Ranar 1 ga Oktoba aka bayyana XSA-108, wato CVE-2014-7188, Jan Beulich na SUSE ne ya gano ta, kuskuren iyaka ne a wajen kwaikwayon wani ɓangaren furosesa da ake kira x2APIC inda Xen ya buɗe wa baƙo rajistoci fiye da yadda ya ware musu wuri, sai baƙo ya iya karanta memorin da ba nasa ba ko ya kayar da mai masauki. Facin ɗan mitsitsi ne amma sai da aka sake tayar da injuna masu ɗimbin yawa kafin ya hau. Daga baya Xen ya samu hanyar yin faci yana gudana tun fitowar 4.7 a 2016, shi yasa irin wannan saƙon ya ragu, amma ba kowane gyara ne yake shiga ta wannan hanyar ba.

Naka aikin cikin kwana ukun nan shi ne ka sauke kwafin bayananka, sannan ka tabbata duk abin da kake gudanarwa zai tashi da kansa, don da yawa sun kunna manhaja da hannu wata shida da suka wuce sun manta, sai inji ya dawo shafi bai dawo ba. Ka sake tayar da taka da kanka yau da rana ido biyu kaga me ya tashi me bai tashi ba. In sun baka damar zaɓar lokaci ka zaɓa, kar ka jira nasu.

TAMBAYA

Salam. Ni malama ce ina koyar da kwamfuta, a ɗakin gwajinmu Windows Server ne da Hyper-V, haifabaizar Microsoft, ɗalibai suna da nasu Linux a ciki, a laftof ɗina kuma VirtualBox, haifabaizar kamfanin Oracle. Abin ya shafe mu ko na masu Linux ne kawai?

Mai karatu daga Zariya

AMSA

Wa alaikis salam Malama, Allah ya ƙara basira. Ya shafe ku. A Mayu 2021 Microsoft ta fitar da facin CVE-2021-28476, a cikin vmswitch take wato abin da ke haɗa netwok ɗin baƙi, an bata maki 9.9 cikin 10, Ophir Harpaz ta Guardicore da Peleg Hadar na SafeBreach ne suka gano ta, baƙo zai tura wani saƙo da aka ƙera da gangan sai uwar ta faɗi da shuɗin allo da duk wanda ke kanta. Ɗalibai kuma masu gwaji ne, aikinsu kenan, wani zai samo lambar a intanet ya kunna don yaga ko da gaske ne ba da niyyar ɓarna ba. Ki duba tarihin sabuntawa a uwar sabar, in tana nuna tana jiran a sake kunna ta to facin bai hau ba, ki samu ranar da ba darasi a yi. In kuma an kashe sabuntawar ne saboda tsadar data, a sauke tarin facin watan sau ɗaya daga Microsoft Update Catalog a saka a filasha a kai mata.

Na laftof ɗinki da sauƙi tunda ke kaɗai ce mai masauki ke ce baƙuwa, ba mai kayar miki da ita sai abin da kika kunna da hannunki. Oracle tana fitar da gyaran tsaro duk wata uku, Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba, ki riƙa sabunta VirtualBox a kan haka. Inda zaki kula shi ne ranar da zaki buɗe aikin ɗalibi ko wata manhaja da baki yarda da ita ba a ciki, ranar ki cire fulofi da sauti da USB da duk na'urar da darasin baya buƙata daga saitin baƙon, ki kuma kashe babban fayil ɗin da kuke rabawa tsakaninsa da laftof ɗin kafin ki kunna.